Saƙon ɗaukar aiki ya ci mana jaka arba'in: ta yaya ake gane na ƙarya?

Ramatu, unguwar Zariya, Maraɗi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwana uku ina shawara da zuciyata, ko in kawo maganar nan ko in bar ta cikin gida, sai na ga in na yi shiru wani zai faɗa ramin da muka faɗa. Ƙanena ya gama jami'a bara, tun daga lokacin babu ofishin da bai kai takardu ba. Sati biyu da suka wuce saƙo ya shigo masa ta imel, da Faransanci mai tsabta, ga tambarin wata ƙungiyar agaji a sama, wai an ɗauke shi aikin rabon abinci wajen Gidan Rumji. Har albashin suka rubuta. Sharaɗi ɗaya ne, ya tura jaka ashirin da biyar kuɗin buɗe dosiye cikin awa 48, in ba haka ba a bai wa na bayansa. Innarmu ta sayar da akuyarta aka tura. Kwana biyu suka ce jaka goma sha biyar na gwajin likita, ni na bayar. Da suka zo da jaka hamsin kuɗin horo a Yamai ne maigidana ya ce a dakata, ya ɗauki yaron a kan babur suka je ofishin ƙungiyar. Tun daga bakin ƙofa mai gadi ya ce musu ba su ne na farko ba, kuma babu wani aiki da aka buɗe. Lambar da aka tura wa kuɗin a kashe take har yanzu. Don Allah masu ilimin abin nan ku faɗa mana, ta ina ake gane irin wannan saƙo? Wallahi ni ma na karanta shi, ban ga aibu ba.

Hajiya Barira:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri ɗiyata. Ki gai da Inna, ki ba ta haƙuri.

Lawali mai siba, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Anti Ramatu. Allah ya musanya. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a siba, wato shagon intanet, irin saƙon nan kusan kowane wata sai wani ya zo in buga masa shi a takarda. Abu na farko, ki ce wa ƙanen naki ya buɗe saƙon, ya taɓa sunan wanda ya aiko. Sunan da ake gani a sama ado ne kawai, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, ni ma yanzu ina iya buɗe akwati in sa masa sunan ministan da nake so. Adireshin da ke ƙarƙashin sunan shi ne abin dubawa, musamman abin da ya biyo bayan alamar @. Manyan ƙungiyoyi da nasu suke rubutu: na UNICEF yana ƙarewa da unicef.org, na hukumar abinci PAM da wfp.org, na hukumar ƴan gudun hijira da unhcr.org, ma'aikatun gwamnatinmu kuma gouv.ne. In kika ga sunan babbar ƙungiya amma wutsiyar gmail.com ce ko yahoo.fr, to ki riƙe aljihunki.

Na biyu, kuma ya fi na farkon ƙarfi: Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumominta sun sha bayyanawa cewa ba su karɓar ko dala a kowane mataki na ɗaukar aiki, ba na dosiye, ba na ganawa, ba na horo. Mai ɗaukar ka aiki shi zai biya ka. Ranar da aka ce kai za ka fara biya, magana ta ƙare.

Ramatu:
Mun duba yanzu. Gmail ne, har da lambobi a ƙarshen sunan. Kai, da mun sani.

Alhaji Ilya, Tibiri:
Ni dai na sha hwaɗi, wanga aiki duk daga hayin can yake zo muna. Tun da anka kawo intanet sunka samu hanya. Ba a banza aka ce musu ƴan 419 ba.

Salisu Ɗan Isa:
Baba Alhaji, da girmanka, amma a nan ban bi ka ba. Gaskiya ne sunan daga Najeriya ya fito, lamba ce ta sashe na 419 a dokar laifuffukansu, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. Amma a tambayi Anti Ramatu, lambar da suka tura wa kuɗin ta wace ƙasa ce?

Ramatu:
Tamu ce ta nan Nijar. Kuma wanda ya kira ƙanena Hausa ya yi masa, irin tamu, yana haɗawa da Faransanci.

Salisu Ɗan Isa:
To kun ji. Wanda ya san Gidan Rumji, ya san akwai ƴan gudun hijira a can tun 2019, ya san ƙungiyoyi na ɗaukar matasa, ya san yawan masu digiri da ke zaune a Maraɗi ba aiki, wannan ba baƙo ba ne. Idan muka sa wa ranmu ɓarawo daga nesa yake, na kusa zai yi ta yankar mu muna yi masa sannu. Ƴan uwanmu na Jibiya da Katsina su ma kuka suke yi da irin wannan.

Alhaji Ilya:
Na karɓa ɗana. Ɓarawo ba shi da gari.

Mushe Isufu, Ali Ɗan Tsoho:
Ina so in ja hankalinmu zuwa wani ɓangaren da ba mu cika ɗauka da nauyi ba, saboda ba a rasa kuɗi a cikinsa nan take. Saƙon ƙarya iri biyu ne. Akwai mai neman aljihunka, irin wanda ya samu gidan Ramatu. Akwai kuma mai neman yatsanka kawai, wato ka tura wa wasu. Na biyun nan ya girmi wasu daga cikinmu. Tun 1994 aka yi ta yawo da wani gargaɗi wai akwai imel mai suna Good Times, duk wanda ya buɗe shi kwamfutarsa ta mutu. Babu imel ɗin, gargaɗin shi ne cutar. A 2002 ina ɗalibi a jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, muna bin layi a siba, wani ya zo wai a nemo wani fayil mai suna jdbgmgr.exe mai hoton ɗan beyar, a goge shi da gaggawa, wai ƙwayar cuta ce da babu maganin da ke kama ta. Mutane suka duba suka gan shi, suka ce lallai gaskiya ne, suka goge. Ashe fayil ne na Windows kansa, dama can yana ciki. Ku duba dabarar: an nuna maka abin da za ka gani da idonka, sai ka yarda da sauran maganar duka. Haka wanda aka ce Bill Gates zai raba kuɗi ga duk wanda ya tura saƙonsa. Shekaru sun fi ashirin, ba a ga wanda ya karɓi ko tamma ba.

Yau su ne suka sake riga suka dawo WhatsApp. Wai daga gobe za a fara biyan kuɗi sai ka tura wa mutum goma. Wai kada ka ɗauki kiran lamba kaza, kan mutum zai fashe. Wai kamfanin waya na rabon intanet kyauta don cikar shekara, danna nan. Da na ga "tura wa kowa da kowa", ba kwanan wata, ba sunan wanda ya faɗa, sai "wani likita ya ce" ko "hukuma ta sanar", ni a nan nake tsayawa.

Hajiya Barira:
Mushe, ni fa ina cikin masu turawa, kuma ba zan ɓoye ba. In gargaɗi ya zo mini, ina da ɗiya da jikoki, sai in riƙe? Idan gaskiya ne na ceci rai, idan ƙarya ne me aka rasa? Rigakafi ai ya fi magani.

Mushe Isufu:
Hajiya, niyyarki mai kyau ce, babu mai shakka. Amma akwai abin da ake rasawa. Jikanki in ya ga saƙo daga baƙuwar lamba zai yi tsaki ya wuce. In ya ga daga wajenki ya fito, ba zai tambaya ba, saboda Hajiya ba ta ƙarya. Sunanki suke aro. Wancan na intanet kyauta da kike gani, shafin da yake kai mutum yana tambayar suna da lamba, wani lokaci har lambar sirri. Kuma ki tuna lokacin korona, irin magungunan da aka yi ta turawa, wasu suka bar asibiti suka bi su.

Hajiya Barira:
To ai ni ba ni da hanyar bincike. Boko kaɗan na yi.

Nana Hadiza, ɗaliba:
Mama, akwai alama mai sauƙi. Ki duba saman saƙon. In kika ga kibiya guda, an turo shi ne daga wani wuri, ba mai turowar ya rubuta ba. In kibiya biyu ce, ya bi hannuwa da yawa. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga ɓarnar, shi ya sa a 2019 ya hana tura saƙo ga fiye da wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma mai kibiya biyun ya mai da shi wuri ɗaya tak. Mai kibiya biyu ki turo mini ni kaɗai tukuna, ko Malam Lawali, mu duba miki. Abin da ya shafi lafiya ko tsaro in gaske ne za ki ji shi a rediyo kafin dare.

Malam Sanusi, Limanci:
Bari in sa baki, don abin ya shigo fagenmu. Hajiya, Allah ya saka da kyakkyawar niyya, amma addini bai bar wurin nan ba bayani. A Suratul Hujurat, aya ta 6, an umarce mu in fasiƙi ya zo mana da labari mu nemi tabbaci. Kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Turawa faɗi ne, ko da yatsa aka yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda ake rataya wa addini. Dattawanmu za su tuna wasiyyar da ake cewa ta Shehu Ahmad ce, wai mai hidimar kabarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wai ya yi mafarki, duk wanda ya kwafa ya raba zai yi arziki, wanda ya ƙi musiba za ta same shi. Muna yara a takarda ake raba ta a ƙofar masallacin Juma'a. Manyan malamai, cikinsu har da Shehu Bin Baz, sun yi rubutu sun ce ƙirƙira ce. Ga ta nan har yau tana yawo a wayoyi. Lada da azaba ba a hannun mai rubuta saƙo suke ba. Duk wanda ya ce maka "in kana son Annabi ka tura, in ka ƙi kaza zai same ka", tsoro yake sa maka don ka yi masa aiki.

Hajiya Barira:
Astagfirullah. Wannan kam na tura ta, ba sau ɗaya ba. Allah ya yafe mana. Amma tunda an zo nan bari in faɗi tawa. Da azumin bara wata ta kira ni, ta ambaci sunan ƙungiyarmu ta adashe, ta ce ana sabunta rajista, lambobi shida za su shigo wayata in karanto mata. Na karanta. Kafin la'asar WhatsApp ɗina ya fita daga hannuna, aka bi ƴan uwana ɗaya bayan ɗaya wai ina asibiti ina neman taimako. Ƙanwata da ke Agadas ta tura jaka talatin.

Lawali mai siba:
Sannu Hajiya. Wannan ita ce satar da ta fi yawa yanzu a abin da nake gani a shago. Lambobi shidan nan su ne mabuɗin gidan. Ɓarawon ya sa lambarki a wayarsa, kamfani ya aiko miki da mabuɗin don ya tabbatar ke ce, ke kuma kika miƙa masa. Babu ƙungiya, babu banki, babu kamfanin waya da ke buƙatar lambobin nan daga bakinki.

Kowa ya yi wannan yau, kada a kai gobe. Ku shiga Paramètres, ku shiga Compte, ku nemi Vérification en deux étapes, wato mataki na biyu na tabbatarwa, ku sa wasu lambobi shida naku na kanku, waɗanda ba shekarar haihuwa ba, ba ƙarshen lambar waya ba. Ko an karɓe na farkon, wannan zai tare shi. Sannan ku leƙa Appareils connectés, in kun ga wata kwamfuta da ba ku sani ba ku cire ta, don wani kan ari wayarka minti biyu ya haɗa ta da tasa yana karanta komai. Wanda kuma aka riga aka sace masa, ya sake shigar da lambarsa, sabon mabuɗi zai zo, da ya sa shi an fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya sa nasa matakin na biyu, za a jira kwana 7, amma shi ma yana waje. Gmail da Facebook duk suna da irin wannan mataki na biyu.

Alhaji Habu, babbar kasuwa:
Mu ƴan kasuwa namu salon daban ne, kuma in ya zo ba jaka arba'in yake ɗauka ba. Wani abokina da ke sayo kaya daga Sin, shekara da shekaru da mutum ɗaya yake hulɗa. Rannan imel ya zo da sunan mutumin, da irin takardar kuɗin da suka saba, wai sun canza banki, a tura a sabon asusu. Allah ya taimake shi yaronsa ya ce a kira tukuna. Da aka kira, mutumin ya ce bai san zancen ba. Da aka ƙura ido, harafi ɗaya ne aka sauya a adireshin. Tun ranar na kafa wa yarana doka: duk saƙon da ya ce an canza asusu, sai an ji muryar mai shi, kuma a tsohuwar lambar da muke da ita, ba wadda aka rubuto cikin saƙon ba.

Sai kuma masu zuwa shago su nuna maka hoton rasi a waya wai sun tura. Hoto ba kuɗi ba ne. Ka buɗe asusunka da hannunka ka ga sun shiga, sannan kaya su fita. Haka mai kira yana kuka wai ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar masa. Duba abin da ke asusunka, kada ka duba saƙon da ya turo.

Salisu Ɗan Isa:
Alhaji ya faɗi gaskiya, amma yanzu ko muryar ma a yi hattara, akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. Gara kai ka kira da kanka, ka yi masa tambayar da ku biyu kaɗai kuka san amsarta.

Nana Hadiza:
Malam Lawali, maganar wifi na gida fa? Namu kuɗin wata ba ya kai sati biyu.

Lawali mai siba:
Mai yiwuwa rabin maƙwabtanku ke sha. Yawanci ana barin lambar sirrin da aka manna a gindin akwatin, duk yaron da ya shigo falo ya ɗauki hotonta ya raba wa abokai. Wasu akwatunan ma shafin sarrafa su da admin ake shiga, suna da sirri duka. A canza biyun, a sa mai tsawo, kalmomi uku ko huɗu na Hausa da ba su da dangi da juna, a haɗa da lamba. A shafin nan za ki ga jerin wayoyin da ke kai. Kuma ku rage ingancin bidiyo, ku hana WhatsApp sauko da kowane bidiyo da kansa, nan kuɗin ke tafiya.

Tunda na fara bari in ƙarasa abin da ke damuna. Ku bar sa manhajar da aka turo muku a matsayin fayil, irin su GB WhatsApp, ku ɗauko daga Play Store. In waya ta ce a sabunta ta, ku sabunta, ramukan da ɓarayi ke bi ake toshewa. In kun shiga imel a siba, ko tawa ce, ku fita daga akwatin kafin ku tashi, rufe shafi ba fita ba ne. Sau nawa nake tarar da akwatin mutum a buɗe, ga hoton katinsa na ɗan ƙasa, ga diploma. Kuma kada lambar sirri ɗaya ta riƙe imel da Facebook da kuɗi gaba ɗaya.

Alhaji Ilya:
Ni tambayata, waɗanga mutane babu hukuma bisa kansu? Sai dai mu yi ta taka tsantsan su suna cin daɗi?

Mushe Isufu:
Akwai doka Alhaji. Tun watan Yuli na 2019 Nijar ta yi dokar hukunta laifuffukan intanet, zamba na ciki. Kuma a sani, dokar ta taɓa har mai yaɗa abin da zai tayar da hankalin jama'a, don haka mai turawa ma ya kula da kansa. Matsalarmu ita ce kunya. Mutum gara ya haɗiye asarar da a ce wane mai digiri an yi masa wayo. Da wannan shirun suke rayuwa, lamba ɗaya ta ci mutum ashirin ba wanda ya kai ta gaba.

Alhaji Habu:
Mushe, kai ƙara na da kyau, amma kada a sa wa yarinyar nan rai kuɗin za su dawo. Layin da suke aiki da shi yau, gobe yana cikin kwata.

Mushe Isufu:
Ban ce za su dawo ba Alhaji. Amma layi da takarda ake yin rajistarsa, kuɗin kuma wani ya je ya fitar da su a wani wuri. In mutum biyar suka kai lamba ɗaya, an samu bakin zare.

Ramatu:
Na gode ƙwarai, Allah ya biya kowa. Yanzu da na karanta masa maganar Malam Lawali ne yaron ya faɗa mini abin da ya ɓoye. Ba kuɗi kaɗai ya tura ba, har da hoton katinsa gaba da baya, da takardar haihuwa, da diploma. Kuma akwai wani shafi da suka ce ya shiga ya cika, ya sa adireshin imel ɗinsa da lambar sirrinsa. Tun jiya ko abinci bai ci ba.

Lawali mai siba:
To wannan shi ne na gaggawa, ya fi jaka arba'in ɗin. Ya canza lambar sirrin imel ɗin a daren nan, da duk wurin da ya sa irinta, ya kunna mataki na biyu. Ya duba ko an sa wata baƙuwar lambar waya ko wani adireshi a wurin dawo da akwati, ya cire. Kada ya goge saƙonnin, kada ya goge rasi. Kuma ku shirya, za a iya sake kiransa, wannan karon wai jami'i ne zai dawo masa da kuɗin in ya biya wani abu kaɗan. Su ne dai.

Malam Sanusi:
Ramatu, ku bi yaron a hankali, kada a yi masa gori. Neman halal ya fita. Ki ce masa ya zo ya same ni bayan sallar asuba.

Mushe Isufu:
Takardar da za a ba ku in kun kai ƙara komisariya, wato ofishin ƴan sanda, ku adana ta da kyau, ita ce shaidarsa in wani ya yi amfani da katin nan ya buɗe layi ko asusu da sunansa.

Ramatu:
To. Malam Lawali, ƙarfe nawa kake buɗewa? Mu fara biyowa ta wajenka ka buga mana saƙonnin da rasin a takarda, daga nan mu wuce komisariya.

Lawali mai siba:
Takwas, in akwai wuta. In babu zan tayar da inji. Ku zo da wayar da caji, kuma ya zo da layin da ya yi rajistar imel ɗin da shi.